Yadda Ake Riƙe Kalanda a Fayil ɗin Rubutu Zalla, a Kuma Fitar da Ita Zuwa Waya

Tambaya ɗaya ce ta yi ta dawo mana daga malaman makaranta, malaman gona, sakatarorin ƙungiyoyin manoma da iyayen adashi a ƙauyukan Kano da Jigawa: ina mutum zai rubuta ranakunsa ta yadda ko waya ta faɗa ruwa, ko mai gyara ya yi mata filashin, ko an sace ta a kasuwa, ba za su tafi da ita ba? Amsarmu ita ce fayil ɗin rubutu zalla, irin wanda sunansa ke ƙarewa da .txt. Kusan kowace waya da kowace kwamfuta suna buɗe shi, ba ya neman intanet, kuma layi dubu a cikinsa ba su kai nauyin hoto ɗaya ba. Daga gare shi ake fitar da kwafi zuwa kalandar waya don ta riƙa yin ƙara idan lokaci ya yi.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da aikin duka: fayil ɗin rubutu shi ne asali, sauran duk kwafi ne. Gyara a asali kawai ake yin sa.

1. Tanadi kayan aiki

Ana bukatar wayar Android da manhajoji huɗu, duk kyauta a rumbun F-Droid: Markor don rubutu, Termux don sarrafa fayil, ICSx⁵ don haɗa fayil da kalandar waya, sai Etar idan kalandar da ta zo da wayarka ba ta gamsar da kai ba. Sai allon rubutu mai baƙaƙen Hausa. Gboard yana da Hausa a jerin harsunansa.

Kuɗin da za ka kashe na data ne, sau ɗaya. Termux da Python (manhajar da za ta tafiyar da shirin fitarwa, ana girka ta a cikin Termux) su ne masu nauyi, don haka ka ware data ta wasu ɗaruruwan MB da fili kusan GB 1 a wayar. Ka yi saukarwar ranar da ka shiga gari ko inda sabis yake da ƙarfi, waya cike da caji. Bayan nan komai yana tafiya ba tare da data ba. Katin memori ko filas don ajiyar kwafi shi ne kawai abin da za ka iya saye.

Mai kwamfuta yana iya amfani da Notepad da Python.

2. Buɗe folda da fayil

A cikin Documents ka buɗe folda mai suna kalanda. A cikinta ka buɗe fayil mai suna kalanda.txt. Sunan ya zama da ƙananan baƙaƙe, ba tazara, ba baƙi mai ƙugiya, domin za ka riƙa buga shi a Termux.

Gargaɗi: kada ka yi wannan a Word ko WPS. Fayil ɗinsu yana ɗauke da kwalliyar da ba a gani, kuma shirin da za mu yi amfani da shi ba zai karanta shi ba. A Notepad na tsohuwar Windows, wajen adanawa ka zaɓi UTF-8. Idan ka bar shi a ANSI, duk ɓ, ɗ, ƙ da ƴ za su koma alamar tambaya, kuma ba sa dawowa sai ka sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Markor da UTF-8 yake adanawa tun asali.

3. Tsarin layi

Kowane al'amari layi ɗaya ne, gida shida, ana raba su da tsayayyar sanda:

rana | farawa | gamawa | lamba | batu | maimaici

Ga misali:

```
2026-07-02 | 07:00 | 13:00 | 001 | Kasuwar Maigatari +kasuwa | mako
2026-07-05 | 16:30 | 17:30 | 002 | Zubin adashi +adashi | mako 10
2026-07-06 | - | - | 003 | An sa wa kaza ƙwai 12 +kiwo | -
2026-07-27 | - | - | 004 | Ranar ƙyanƙyasa +kiwo | -
2026-07-10 | 22:00 | 02:00 | 005 | Ban ruwa, layinmu ne +gona | -
```

Rana tana farawa da shekara, sai wata, sai kwana, kuma wata da kwana lambobi biyu-biyu: 07, ba 7 ba. Dalili shi ne idan aka jera layukan, wannan tsarin kaɗai ke sa su bi juna daidai da tafiyar kwanaki. Kuma yana kashe ruɗanin 02/07 da 07/02, wanda mu muke karantawa ta wata fuska, manhajojin Amurka suke karantawa ta wata.

Lokaci da agogon awa 24 ake rubuta shi: huɗu da rabi na yamma 16:30 ne. Abin da ba shi da takamaiman lokaci, ka sa karan ɗori a gidan farawa da na gamawa, zai fito a matsayin na yini guda. Idan ka sa farawa, dole ka sa gamawa.

Lamba ita ce shaidar layin. Kowane layi da tasa, kuma ba a sake ba wani layi lambar da aka taɓa amfani da ita, ko da an goge na farkon. Mutane suna raina wannan gidan, alhali shi ne ke hana abu ɗaya fitowa sau biyu a waya bayan ka ɗage masa rana. Da lambar ce kalanda ke gane cewa tsohon abu ne ya sauya, ba sabo ne ya zo ba.

Kalma mai alamar tarawa, kamar +gona ko +adashi, ita ce za ta ba ka damar tsamo rukuni ɗaya daga baya. Ka tsaya a kan huɗu ko biyar, ka riƙa rubuta su iri ɗaya kullum.

Gargaɗi: kada tsayayyar sanda ta shiga cikin batu, domin za ta mai da gida shida bakwai. Kuma batu ya zama gajere, kada ya wuce baƙaƙe kamar 60. Ƙa'idar fayil ɗin da za a fitar wa kalandar waya ta taƙaita kowane layi a bayit 75 (bayit ma'aunin girman rubutu ne a na'ura), kuma kowane baƙi mai ƙugiya bayit biyu yake ci.

4. Mai da lokacinmu na baka zuwa lamba

A nan aka fi yin kuskure, kuma ba laifin na'ura ba ne. Mu da salla muke auna yini: bayan Azahar, bayan La'asar, tsakanin Magariba da Lisha. Waya ba ta san wannan ba. Ka sa lokacin agogon da ya fi kusa, sannan ka bar maganar bakin a cikin batu, misali "Taron ƙungiya bayan La'asar". Lokutan salla suna motsawa tsakanin damina da hunturu, don haka taron da ake yi duk mako bayan Magariba yana bukatar a duba lokacinsa duk bayan wata biyu ko uku.

Sai maganar dare. A lissafinmu dare yana gaban yininsa: wanda ya ce maka daren Juma'a, yana nufin Alhamis bayan faɗuwar rana. Ita kuwa kalandar waya sai ƙarfe goma sha biyun dare take juya rana. Idan an gayyace ka walima daren Juma'a 10 ga Yuli 2026, abin da za ka rubuta shi ne 2026-07-09, ƙarfe 20:00. Idan kana shakka, ka tambayi mai gayyatar: Alhamis da daddare ko Juma'a da daddare?

Aikin da ya tsallaka tsakar dare, kamar ban ruwan da ke misalin sama, ka rubuta ranar farawarsa kawai. Shirin zai gane cewa 02:00 ta washegari ce.

5. Abubuwan da ke maimaituwa, da watannin Musulunci

Gida na shida kalma uku yake karɓa: mako, wata, shekara. Ranakun kasuwa su ne mafi sauƙi, tunda ba sa sauyawa: Maigatari Alhamis, Wudil Juma'a, Dambatta da Gujungu Lahadi, Shuwarin Litinin. Ka rubuta ranar farko da ta faɗo a kan ranar kasuwar, ka sa mako, shi ke nan. Ka tabbata ranar da ka rubuta ta dace. Idan ka sa kwanan Laraba, duk Laraba zai riƙa fitowa.

Abin da ke da iyaka ka sa masa adadi. Adashin mutum goma da ake kwasa duk mako "mako 10" ne, kuma zubin farko yana cikin goman. Uwar adashi za ta fi samun sauƙi idan ta bar zubi a layi ɗaya mai maimaici, ta kuma ba kowace kwasa layinta dabam da sunan mai ɗauka, saboda sauyin layi tsakanin 'yan adashi abu ne da ke faruwa.

Gargaɗi: kada ka ɗora maimaicin wata a kan ranar 29, 30 ko 31. Watan da ba shi da wannan ranar tsallake shi ake yi gaba ɗaya. Biyan da ake yi ƙarshen wata ka sa shi ranar 28.

Watannin Musulunci kuwa kada ka taɓa sa musu "shekara". Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kwana goma zuwa goma sha biyu. Azumi, Sallah ƙarama da babba, Maulidi, Takutaha, duk suna ƙara zuwa da wuri kowace shekara. Abin ya fi nauyi a zakka: cikar shekarar dukiya da watan sama ake lissafa ta, wanda kuwa ya ɗora ta a kan maimaicin Miladiyya zai riƙa jinkirta haƙƙin mutane da kwana goma sha ɗaya a shekarar farko, ashirin da biyu a ta biyu, haka abin zai yi ta ƙaruwa. Hanyar da ta dace ita ce a farkon shekara ka rubuta kowanne da hannu a ranar da ake sa rai, ka sa masa +jira. Idan fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata, ka gyara ranar, ka cire +jira, ka bar lambar yadda take. Kwanan Hijira da waya ke nunawa lissafi ne, yana iya saɓa wa sanarwa da kwana ɗaya.

6. Lissafin kwanaki gaba

Amfanin kalanda ga manomi da makiyayi yana cikin rubuta layi biyu a zama ɗaya: ranar da abu ya faru, da ranar da ake jiran sakamakonsa. Ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabo 26 zuwa 28. Cikin akuya da tunkiya kusan kwana 150, na saniya kusan wata tara da 'yan kwanaki. Masara tana son yuriya makonni huɗu zuwa shida bayan shuka. Rigakafin jariri yana faɗowa a mako na 6, na 10 da na 14, sannan wata na 9. Jaririn da aka haifa ranar 6 ga Yuli 2026, ukun farko za su kama 17 ga Agusta, 14 ga Satumba da 12 ga Oktoba. Amma ranar da ma'aikaciyar asibiti ta rubuta a kati ita ce gaba da lissafinka.

Kada ka ƙirga da yatsa. Bayan ka girka Termux, wannan umarnin zai ba ka amsa:

```
date -d "2026-07-04 +150 days" +%F
```

Zai nuna 2026-12-01.

7. Girka Termux da Python

Buɗe Termux ka buga waɗannan, ɗaya bayan ɗaya:

```
termux-setup-storage
pkg update
pkg install python
cd ~/storage/shared/Documents/kalanda
ls
```

Na farko zai sa waya ta tambaye ka izinin shiga ma'ajiya. Ka amince, in ba haka ba Termux ba zai ga fayil ɗinka ba. Na uku zai nuna girman abin da zai sauke kafin ka danna y. Idan na ƙarshe ya nuna kalanda.txt, ka iso. Idan ya ce babu irin wannan folda, duba babban baƙi da ƙarami: Documents da D babba ne.

8. Shirin da ke fitarwa

Kalandojin waya da na kwamfuta suna fahimtar juna ta wani tsari mai suna iCalendar, wanda fayil ɗinsa ke ƙarewa da .ics. Shi ma rubutu ne zalla, sai dai yana da tsauri. Wannan shirin zai mai da layukanka zuwa gare shi. Ka adana shi a folda ɗaya da kalandar, da sunan fitar.py:

```python
import sys
from datetime import datetime, timedelta, timezone

shiga = sys.argv[1] if len(sys.argv) > 1 else "kalanda.txt"
SAKE = {"mako": "WEEKLY", "wata": "MONTHLY", "shekara": "YEARLY"}
Z = "%Y%m%dT%H%M%SZ"
yanzu = datetime.now(timezone.utc).strftime(Z)
fita = ["BEGIN:VCALENDAR", "VERSION:2.0", "PRODID:-//kalanda//HA"]
gani = set()

with open(shiga, encoding="utf-8-sig") as f:
    for n, layi in enumerate(f, 1):
        layi = layi.strip()
        if not layi or layi.startswith("#"):
            continue
        try:
            rana, fara, gama, lamba, batu, sake = [k.strip() for k in layi.split("|")]
            r = datetime.strptime(rana, "%Y-%m-%d")
            if fara == "-":
                gobe = r + timedelta(days=1)
                jiki = ["DTSTART;VALUE=DATE:" + r.strftime("%Y%m%d"),
                        "DTEND;VALUE=DATE:" + gobe.strftime("%Y%m%d")]
                tuni = "-PT6H"
            else:
                a = datetime.strptime(rana + " " + fara, "%Y-%m-%d %H:%M")
                b = datetime.strptime(rana + " " + gama, "%Y-%m-%d %H:%M")
                if b <= a:
                    b += timedelta(days=1)
                awa = timedelta(hours=1)
                jiki = ["DTSTART:" + (a - awa).strftime(Z),
                        "DTEND:" + (b - awa).strftime(Z)]
                tuni = "-PT30M"
            if sake != "-":
                s = sake.split()
                doka = "RRULE:FREQ=" + SAKE[s[0]]
                if len(s) > 1:
                    doka += ";COUNT=" + str(int(s[1]))
                jiki.append(doka)
        except (ValueError, KeyError, IndexError):
            print("Kuskure a layi na", n)
            continue
        if lamba in gani:
            print("An maimaita lamba a layi na", n)
            continue
        gani.add(lamba)
        for alama in "\\;,":
            batu = batu.replace(alama, "\\" + alama)
        if len(("SUMMARY:" + batu).encode()) > 75:
            print("Batu ya yi tsawo a layi na", n)
        fita += ["BEGIN:VEVENT", "UID:" + lamba + "@sunana", "DTSTAMP:" + yanzu]
        fita += jiki + ["SUMMARY:" + batu, "BEGIN:VALARM", "ACTION:DISPLAY",
                        "DESCRIPTION:Tunatarwa", "TRIGGER:" + tuni,
                        "END:VALARM", "END:VEVENT"]

fita.append("END:VCALENDAR")
with open(shiga.rsplit(".", 1)[0] + ".ics", "w", encoding="utf-8", newline="") as f:
    f.write("\r\n".join(fita) + "\r\n")
print("An fitar da", len(gani))
```

Wuri ɗaya za ka sauya: inda aka rubuta @sunana, ka sa wata kalma taka ta kanka, ba tazara. Idan mutum biyu a gari ɗaya suka bar ta haka, suka aika wa juna fayil, lamba 001 ta wannan za ta yi karo da 001 ta wancan.

Gargaɗi: ka kwafe shirin, kada ka buga shi da hannu. Allon rubutun waya yana mai da baƙin farko babba, yana kuma sauya alamar zance, ko ɗaya daga ciki ya isa ya tsayar da shi. Tazarar da ke farkon layuka ma tana cikin shirin, kada ka goge ta. Idan za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, ba saƙon rubutu ba. A Windows ka duba kada sunan ya zama fitar.py.txt.

Sai ka buga:

```
python fitar.py
```

Zai faɗi adadin da ya fitar, ya kuma ambaci lambar duk layin da ya ƙi. Galibin kuskure uku ne: an manta sanda ɗaya, an rubuta lokaci da aya maimakon ruwa biyu, ko an rubuta Mako da babban baƙi. Kada ka wuce gaba sai saƙon kuskure ya ɗauke, domin layin da aka ƙi ba zai taɓa yin ƙara a wayarka ba.

Idan ka leƙa cikin kalanda.ics za ka ga ƙarfe 07:00 ta zama 060000Z. Daidai ne, kada ka gyara. Agogon Nijeriya yana gaban agogon duniya da awa ɗaya duk shekara, shi ya sa shirin ke cire awar, waya kuma ta mayar da ita. Haka abin yini guda: ranar ƙarewarsa washegari ake rubutawa, domin a wannan tsarin ranar ƙarshe ba ta cikin lissafi. Tunatarwa kuma minti 30 ce kafin abu mai lokaci, abin yini guda kuwa ƙarfe shida na yammacin jajibirinsa, lokacin da mutum zai iya shirya kaya ko ya nemi mota.

9. Shigar da shi kalandar waya

Hanyar da muka fi ba da shawara ita ce ICSx⁵. Buɗe ta, danna alamar ƙari, zaɓi fayil na cikin waya, ka nuna mata kalanda.ics, ka ba ta suna da launi, ka amince da izinin kalanda. Za ta bayyana a Etar ko kalandar wayarka. Fifikonta shi ne tana bin fayil ɗin sau da ƙafa: abin da ka ƙara zai shigo, wanda ka ɗage zai matsa, wanda ka cire zai fita. Duk lokacin da ka sake fitarwa, ka buɗe ta ka ja allon ƙasa don ta sabunta. Kuma tana hana gyara daga cikin kalanda, wanda ya dace da ƙa'idarmu.

Gargaɗi: wayoyi da yawa suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, tunatarwa kuma ta ƙi fitowa. Shiga saitin batir ka cire takunkumi daga ICSx⁵ da manhajar kalandar. Sannan ka gwada: rubuta layi na abin da zai faru nan da minti 40, fitar, sabunta, kulle wayar ka jira. Ka kuma duba cewa yankin lokacin wayar na Afirka ta Yamma ne. Idan yana kan wata ƙasa, komai zai goce da awanni.

Mai son ta a Google Calendar, manhajar waya ba ta da wurin shigar da fayil gaba ɗaya. Sai ka buɗe calendar.google.com a Chrome, ka kunna Desktop site, ka shiga Settings. Fara buɗe sabuwar kalanda ta musamman a Add calendar, sannan ka je Import & export, ka zaɓi fayil ɗin, ka zaɓi sabuwar kalandar. Fayil kada ya wuce MB 1. Kada ka zuba shi cikin babbar kalandarka, domin shigarwa ba ta goge abin da ka cire daga asali. Idan tana ware, sai ka share ta gaba ɗaya ka sake zubawa. Bayan shigarwa ka buɗe abu ɗaya ka ga ko tunatarwarsa ta shiga, in ba ta shiga ba ka saita ta a kalandar. A shafin nan kuma akwai Export, wanda zai ba ka tsofaffin ranakunka a ƙunshin zip idan kana son kwashe su zuwa fayil ɗin rubutu.

Google yana karɓar CSV ma, wato fayil mai ginshiƙai irin na tebur, kuma wasu suna bin ta nan don gudun Python. Ba mu ba da shawararta ba: kan ginshiƙai dole da Turanci, rana kuma wata ne ke gaba, wato 07/02/2026 na nufin 2 ga Yuli, sannan babu lambar shaida, babu maimaici.

10. Kulawar mako-mako

Zaɓi rana ɗaya, misali Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka ba fayil ɗin minti goma. Sabon abu a ƙasa ake ƙara shi duk lokacin da ya taso, ba sai ka nemi gurbinsa ba. Ranar kulawa sai ka jera:

```
LC_ALL=C sort -o kalanda.txt kalanda.txt
```

Abin da aka fasa, ka sa # a farkon layinsa maimakon gogewa. Shirin zai tsallake shi, kai kuma kana da tarihinsa da lambarsa. Bayan jerawa irin waɗannan layukan a sama za su taru. Abin da aka ɗage, rana kawai za ka sauya. Abin maimaici da ya ƙare, kamar adashin da aka gama, ka bar shi. Idan kuwa lokacin taron mako-mako ne ya sauya, ka rufe tsohon da adadin makonnin da ya yi, ka buɗe sabon layi da sabuwar lamba, don kada tarihin baya ya sauya tare da shi.

A ƙarshen shekara ka kwashe layukan da suka wuce zuwa wani fayil, kamar tarihi-2026.txt. Kada ka kwashe masu maimaicin da ba su ƙare ba, ko da ranarsu ta farko tsohuwa ce. Idan layin kasuwar Maigatari ya tafi, duk Alhamis ɗin gaba sun tafi da shi. Lamba kuma ta ci gaba daga inda ta tsaya.

11. Raba wa wasu

Kada ka tura wa kowa kalanda.ics ɗinka gaba ɗaya. A ciki akwai bashi, akwai ranar asibitin iyali, akwai sirrin mutanen da suka amince da kai. Tsamo rukunin da ya shafe su kawai:

```
grep "+gona" kalanda.txt > gona.txt
python fitar.py gona.txt
```

Za ka sami gona.ics. Buɗe gona.txt ka karanta shi da idonka kafin ka tura. Ka sanar da su cewa kwafin yadda kalandar take a ranar ne kawai. Idan ka gyara naka, nasu ba zai gyaru ba sai ka sake turawa.

Dattawa da masu ƙaramar waya kuwa, ka kwafi layukan ka aika ta tes, ko a buga a takarda a liƙa a ofishin ƙungiya. A tes, baƙi mai ƙugiya guda ɗaya yana rage saƙo daga baƙaƙe 160 zuwa 70, kuɗin ya ninka, wasu ƙananan wayoyin ma akwati suke nunawa a madadinsa. A nan kaɗai ka rubuta da baƙaƙe marasa ƙugiya, ka kuma mai da ranar yadda ake faɗinta: Lahadi 5 ga Yuli, bayan La'asar.

12. Ajiyar kwafi

Fayil ɗin da ke waya ɗaya tak bai tsira daga abin da muka fara gudu ba. Duk ranar kulawa ka yi kwafi mai kwanan wata:

```
cp kalanda.txt kwafi-$(date +%F).txt
```

Ka ajiye shi wuri biyu da ba cikin wayar ba: ka aika wa kanka ta imel idan akwai sabis, ka kuma tura wa wayar wani amintacce a gida ta Bluetooth, ko ka sa a filas. Katin memorin da ke cikin wayar yana taimakawa idan ta lalace, amma idan sace ta aka yi tare za su tafi. Ka haɗa da fitar.py a ajiyar, kalanda.ics ba ya bukatar ajiya tunda ana sake fitar da shi cikin daƙiƙa.

Fayil ɗin ba shi da makulli, duk wanda ya buɗe zai karanta. Kada ka rubuta lambar sirrin banki, BVN ko NIN a ciki, kuma ka sa wa wayar kanta makulli.

Kafin ka kai waya gyara, ka yi sabon kwafi a ranar, ka cire memori. Sau ɗaya a wata uku kuma ka buɗe kwafin a wata wayar dabam, ka duba abu biyu: layin ƙarshe da ka rubuta yana nan, kuma ƙ da ɗ sun fito daidai. Idan ɗaya ya gaza, ka sake yin kwafin nan take daga asali kafin ka goge tsohon.